Takarda Zuwa Ga Sabon Sarkin Mayun Bagega

Ɗan gwaggo, bawana na gado wanda ban saya da kuɗina ba, ina gaishe ka da gajiya. Na ce gajiya don an shaida mini aikin dare ka koma, ba ka runtsawa sai an kira assalatu.

Labarinka ya riga ka isowa Gusau. Direbobin Anka ne suka kawo shi, kowa da irin gishirin da ya zuba, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan jigon: yaron nan mai tura finafinai a bakin kasuwa ya cika maka waya da wani dogon wasan Turawa mai suna Angel, kuma tun daga ranar gidan gwaggo bai sake ganin zaman lafiya ba. Sun ce ka samo wata baƙar kwat ta gwanjo mai kai wa ƙauri, kana yawo da ita cikin zafin bazara, zufa na bin ka har dunduniya. Sun ce ka tuge turken akuyar amarya, ka fere shi, ka soke a ƙugu, ita kuwa akuya ta tafi cin dussar maƙwabta. Tafarnuwar miya ta ƙare ƙaf, tana can rataye a ƙofar ɗakinka. Wanda ya fi kashe ni da dariya shi ne, wai in baƙo ya sauka tasha sai ka ja shi da hira har ya washe baki, don ka leƙa haƙoransa. An ce wani falke mai haƙorin Makka saura kaɗan ya kai ƙararka fada.

Na san iyakar Turancinka, don tare aka sa mu firamare, na ga inda ka ja birki. Duk da haka ka tara yaran unguwa kana yi musu fassara, irin wadda ko mutanen Algaita masu fassara finafinai sai sun sara maka. Jarumi ya ɗaure fuska ya yi doguwar magana, kai kuwa ka juyo ka ce: "Kun ji mi yac ce? Cewa yay yi, kowa ad da bashi nai ya biya kahin asuba." To tunda hakkin ubangida ne ya ilmantar da bawansa, zauna in gaya maka abin da ka kalla.

Kashi na farko, wanda ka maimaita har waya ta yi zafi, an fara haska shi a Amurka ranar 5 ga Oktoba, 1999. Joss Whedon da David Greenwalt suka ƙago wasan, David Boreanaz ne ya hau matsayin jarumin, aka yi ta yi har 2004, kashi 110 cif. Da irin batirin wayarka da yadda kake rowar kuɗin caji, jikokinka ne za su ƙarasa maka.

Shi wannan gwanin naka asalinsa wani saurayi ne mai suna Liam, ɗan birnin Galway a ƙasar Ailan. Ɗan mai hali ne, amma malalaci, ba ya aikin fari ba ya na baƙi, ubansa ya yi faɗa har ya gaji. Ka ga tun daga nan kun fara kama. A 1753 wata mai shan jini ta tare shi a lungu ta cije shi, ya mutu, ya tashi ya zama irinta. Ya kwashe shekara ɗari da arba'in da 'yan kai yana ɓarna a ƙasashen Turai, har a 1898 ya taɓo inda ba a taɓawa. A Romaniya ya kashe wata yarinya 'yar gaban goshin wata ƙabila ta masu yawo, danginta suka yi masa baki. Hukuncin da suka zaɓa ya ba ni sha'awa: maimakon su kashe shi, sai suka mayar masa da zuciyarsa ta ɗan Adam, ya riƙa tuna duk ran da ya ɗauka, abin yana cin sa. Daga nan ya daina farautar mutane. Shi ne ka gan shi a Los Anjelis, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, fuska a murtuke, yana neman aikin lada da zai kankare zunubi.

Ga abin da na tabbata ba ka gaya wa yaran ba, don kai ma ba ka sani ba. Jan abin nan da yake ajiyewa a firij, wanda ka ce musu zoɓo ne, jinin alade ne. Jini haram, alade haram, mutuminka ya haɗa biyun ya mai da su kalaci, kai kuma ka sayi kwat don ka yi kama da shi. Zan so in ga fuskar liman ranar da wannan bayani ya kai masa.

A cikin kashin, wani ɗan tsurut mai suna Doyle, rabi mutum rabi aljani, wanda ake nuna wa masu neman ɗauki ta hanyar wani mugun ciwon kai, ya zo ya miƙa masa 'yar takarda da sunan wata yarinya, Tina, mai aiki a shagon shan gahawa. Ta baro garinsu ta zo birni neman zama 'yar fim, ta faɗa hannun wani attajiri, Russell Winters, wanda sana'arsa ke nan: ya jawo 'yan matan da ba su da kowa da alkawarin taimako, ya shanye su. Jaruminka ya yi iya yinsa, amma yarinyar ta tsinci takardar nan mai sunanta a ɗakinsa, ta zaci shi ma yaron attajirin ne, ta gudu, aka kashe ta. Aikin bincike na farko ke nan da gwaninka ya karɓa, kuma wadda aka ba shi amana ba ta kai ƙarshen kashin ba. Wadda ta yi bincike na gaskiya ita ce Cordelia, yarinyar da attajirin ya gayyata gidansa daga baya. Ta ɗaga kai ta duba: katafaren gida, labule masu kauri ko'ina, babu madubi ko ɗaya. Nan take ta gane da wa take zaune. Ido kawai ta yi amfani da shi, ba kwat ba turke. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da ya ɗaure mini kai, me ya burge ka har haka? Mai shan jini ya tuba ya koma kama 'yan'uwansa. Turawan sun so labarin nan ƙwarai, sun yi wani a Kanada daga 1992 zuwa 1996, inda gogan yake ɗan sanda mai aikin dare a Toronto, mutanen Koriya ma sun yi nasu a 2016. To mu fa? Ba mu tashi muka tarar da Sarkin Mayu ba? Shi ma ɗan gida ne, an ce da ƙanƙararsa a ciki, ya juya ta ga kama masu irinta. Yaro ya kwanta yana sambatu, a aika a kira shi, ya zo da garin magani da turare, ya ce ga wanda ya kama kurwa, ga inda ya ɓoye ta, a taso ƙeyar mutum a ce ya tsallaka mara lafiya. Tun kafin a haifi kakan mai kyamara muna da wannan sarauta. Ka bar na gida ka tafi Los Anjelis aro.

Kuma in gasa za a yi, mayen Turawa rago ne. Rana ta taɓa shi ya kama da wuta. A kawo shi Bagega a watan Afrilu mu gani, ko hantsi ba zai kai ba. Sai ya matso jikin mutum ya sa haƙori, ya ɓata riga da jini, ya bar shaida a wuya. Namu kuwa, yadda tsofaffi ke ba da labari, da tsakar rana yake yawonsa, ya je suna ya je biki, a ba shi goro ya yi godiya, daga nesa ya kalli yaro ya yaba kyansa, shi ke nan an gama. Shi ya sa tun muna ƙanana aka koya mana mu ce kurwata kur, ka ci kanka ka sha baƙin ruwa. Na tuna kai har kare ka taɓa faɗa wa haka.

Sai dai akwai abin da na daɗe ina lura da shi game da wannan sarauta da kake nema. Duk wanda na taɓa jin an ja zuwa tsallaka, in ba tsohuwa ce da hayaƙin murhu ya rina wa ido ba, to baƙo ne da ba shi da dangi a gari, ko matar da ba ta haihu ba. Mai kuɗi ana yi da shi a bayan ido, a ce dukiyarsa ta shan jini ce, amma ban taɓa jin an tuɓe masa babbar riga an ce ya tsallaka kowa ba. Turawan ma kada ka ɗauka sun fi mu wayo a nan. A 1892, a wani ƙauye mai suna Exeter a jihar Rhode Island ta Amurka, tarin fuka ya shiga wani gida ya ɗauke uwa da 'ya'ya mata biyu, ya kwantar da ɗa namiji. Mutanen gari suka ce ɗaya daga cikin mamatan ce ke tasowa tana tsotse shi. Suka tone kabarin Mercy Brown, 'yar shekara 19, suka ciro zuciyarta suka ƙone, suka jiƙa tokar suka ba ɗan'uwanta ya sha. Bayan wata biyu ya bi ta. Lokacin kuwa shekara goma ke nan da likita Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a Jamus. Duk inda mutuwa ta shiga gida ɗaya tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya ba a ga hannunta ba, sai an nemo fuskar da za a liƙa mata.

A cikin dokokin wasan naka akwai guda da na fi so. Mai shan jini ba ya iya shiga gidan mutum sai an ce masa shigo. Ko ƙofa a buɗe take, zai tsaya a bakinta yana haɗiyar yawu. Shi kansa Liam, da ya tashi daga kabari ya nufi gidansu, ƙanwarsa ce ta yi masa iso don murnar ganin yayanta, ya shiga ya gama da gidan. Da na kai nan sai dariyar da nake yi maka ta tsaya, don ni da kai mun san wani baƙo da aka yi wa irin wannan iso.

A buhu ya shigo, a kafaɗar masu gida. Ka tuna shekarun da zinare ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, daga wajen dala 800 a 2008 har ya haura 1,200 a 2010, noma ya koma aikin wanda ba shi da ƙarfin shiga rami. A haƙo dutse a daji, a kawo shi tsakar gida. Mata su farfasa, su daka a turmin da ake surfe, a kai injin niƙan hatsi, ya fito da laushi kamar garin tuwon da aka tankaɗe, a wanke, a shanya a inda yara ke rarrafe, a zuba zaiba ta kamo zinaren. Ba wanda ya san jijiyar dutsen da aka faɗa wa a lokacin cike take da dalma. Wannan baƙo bai san tsoron rana ba, zafi da iska ma su ne abokan tafiyarsa, su ke ɗaga ƙurar su kai ta kan tabarma da bakin randa. Yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, an gama. Jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. Tana hana jiki ƙera jini, yaro ya ɗashe. Tana hawa ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, sai amai, sai jijjiga, sai sanƙarewa. Wadda ta saura ta shige ƙashi ta yi zamanta shekara da shekaru, in yarinya ta girma ta yi ciki ta fito ta bi ɗan tayi. In kana neman mai shan jini na haƙiƙa, wanda ba ya tsufa kuma ba a ganinsa a madubi, ga shi nan, kuma da hannunmu muka shimfiɗa masa tabarma.

To malam mai bincike, ina kake a lokacin? Akwai shaidar da ta fi gidan da ba madubi fitowa fili. Agwagi suka ɓace. Su da ke kiwo a ƙasa suna wanka a kududdufin da ake wanke dutse, su suka fara mutuwa, kafin yara. Kowa ya gani, ba wanda ya tambaya. In da a lokacin kana da kwat ɗin nan, na san ƙarshenta ka ce muzuru ne, ka kama na maƙwabta ka yi masa shari'a.

Waɗanda suka warware lamarin ba da dare suka zo ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda rediyo ke kira Na-gari Na-kowa, suna zagayen sa ido kan sanƙarau suka ci karo da ƙauyukan da ƙananan kaburbura suka yi wa yawa. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Aka ba da na sanƙarau, shiru. Sai wani ya ɗaga kai ya dubi injinan niƙa da ƙurar da ke tashi, irin duban da Cordelia ta yi wa labule. Aka ɗebi jinin yara aka aika gwaji. Ka ga abin mamaki, a labarinmu masu ɗibar jinin su ne mutanen kirki, da allura da 'yar kwalba. Da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo suka bi ƙauyuka biyu gida gida, sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga ciki sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu. A cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin ɗari dalmar jininsu ta kai lamba 45 ko ta wuce, wato matakin da dole a ba da maganin da ke tsamo ta. 'Yar na'urar gwajin da ake yawo da ita ba ta iya ƙirga abin da ya haura 65, ga yara da yawa sai dai ta nuna cewa abin ya fi ƙarfinta. Abin ya shafi Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, da 'Yargalma da Tungar Guru ta wajen Bukkuyum, sai Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Ba sai na gaya maka sunan kowa ba, kai ka riƙe wasu da hannunka zuwa makwanci. Allah Ya sa masu ceto ne. Hausawa sun ce in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa, kuma iyayen nan suna nan da ransu, kana wuce su kullum da turkenka a ƙugu.

Tsafin da aka kori wannan maye da shi kuwa ko kusa bai kai na fim armashi ba. Fartanya da shebur da baro. A kankare saman ƙasar gida ɗaki ɗaki, a zuba a buhu, a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Sarakuna suka ce a fitar da niƙa bayan gari. Sannan a bi yaro da ƙwayoyin magani mako bayan mako, a huta, a sake gwaji, a sake komawa. Ba kiɗa, ba tsalle daga bene. An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma kuma ta fi su tarin injuna. Likitoci suka ce ba za su fara magani ba sai an share garin, don ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin gubar da aka tsamo shi. Yara wajen 1,500 suna jira. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, kuɗi na Abuja. Sai da Human Rights Watch ta yi ta kwarmato, wasu matasa irin su Hamzat Lawal suka tayar da gangamin a ceci Bagega a intanet har duniya ta ji, sannan a ƙarshen Janairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa aka saki kuɗin. Magani bai fara ba sai Afrilun shekarar. MSF ta zauna kan aikin fiye da shekara goma sha ɗaya, ta gwada yara sama da dubu takwas, kafin ta miƙa wa gwamnatin jiha a 2022. Wancan jinkiri na wata da watanni, da za a samu mai binciken da zai bi takardar daga tebur zuwa tebur ya gano a aljihun teburin wa ta kwana, da ni da kaina zan saya masa kwat sabuwa dal.

Wannan ya kawo mu ƙarshen kashin naka, wurin da aka ce kakan miƙe tsaye kana ihu har gwaggo ta fito da muciya. Angel ya kutsa ɗakin taro a ƙololuwar wani dogon bene, ya tarar da Russell Winters a kan kujera, lauyoyin kamfanin Wolfram da Hart kewaye da shi. Attajirin ko gezau. Ya yi masa bayani cikin natsuwa cewa shi mai biyan haraji ne, sunansa ba ya fita a jarida, ba ya tayar da ƙura, don haka a garin nan abin da ya ga dama yake yi. Ka lura ma, shi dokar iso ba ta dame shi ba lokacin da ya je wa Tina, don gidan hayar da take ciki nasa ne. A nan marubutan suka burge ni. Sun san cewa ƙaramin mai shan jini shi ke laɓewa a lungu, babban kuwa ofis gare shi da lauya da takardar shaida. Sai jaruminka ya tambaye shi ko ya iya tashi sama, ya sa ƙafa ya tunkuɗa kujerar ta fasa gilashi, gogan ya kama da wuta tun bai kai ƙasa ba.

Na ji an ce ka sha alwashin yin irin wannan a Bagega. Matsala biyu gare ka. Ta farko, ba bene. In ka tunkuɗa mutum ta tagar shagon mai awon zinare, kan buhun gawayi zai faɗa, ya tashi ya kakkaɓe riga ya kira maka 'yan sanda. Ta biyu, namu Russell ɗin ba a Bagega yake zaune ba, kuma in ka tambaye shi ko ya iya tashi sama, tikiti zai nuna maka. Zinaren da kuke fitowa da shi daga rami, kuna tari, ku sayar wa mai ɗan sikeli, shi ya sayar wa na gaba, a haka yake tafiya hannu hannu har ya kwana Dubai, kuma ko ƙwayar ƙura ba ta taɓa rigar na ƙarshen ba. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga. A Maris na 2021 har shawagin jirage aka hana a sararin jihar. A Disambar 2024 aka ɗage haramcin haƙar. Kai da ke can, gaya mini tsakaninka da Allah, a cikin shekarun nan biyar akwai ranar da rami ya kwana ba kowa? Na san amsar, don ko goron Sallar da ka aiko mini a lokacin da ƙurar dutse a jikin ledarsa.

Batun masu yawon dare kuwa, kada ma ka fara. Waɗanda suka hana hanyar Anka kwanciya ba su san tafarnuwa ba, ba sa jiran iso, kuma a kan babur suke zuwa. In jarumtar ce ta motsa, ga Askarawan Zamfara can da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a farkon 2024, je ka ba da sunanka. Amma na san ka. Kai ne ranar da jaki ya yi kuka a bayan ɗaki ka shige ƙarƙashin gadon amarya, ka ce mata dabarar yaƙi ce.

Saboda haka ga aikin da ya yi daidai da kai, kuma umarni ne daga ubangida. Tunda kana son tsayawa a ƙofa kana tantance mai shiga, tsaya a ƙofar gidan gwaggo. Duk wanda ya dawo daga wurin niƙa, kai ne na farko a cikinsu, ba ya ƙetare zaure sai ya yi wanka ya sauya tufa, ya bar takalmin aiki a waje. Buhun dutse ko na wane ne ba ya kwana a gida. Ka je wurin masu inji ka dame su da maganar a jiƙa dutse kafin a niƙa, yadda aka koya musu, don jiƙaƙƙen gari ba ya tashi sama. Turmin abinci na abinci ne. In yaro ya cika kuka da ciwon ciki, ko ya daina abin da ya saba yi, a kai shi a gwada jininsa kafin a fara waige-waigen tsohuwar da za a ɗora wa. Dalma ba ta yi ƙaura ba, tana nan cikin dutsen, a 2015 ma ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja ta kashe yara kusan talatin. Na san a duk jerin nan wankan ne zai fi ba ka wuya, tun muna yara sai an haɗa da bulala. Ka daure. Turken kuma ka mayar wa akuya.

Saura tukuicin wahalar da ka sa ni, don bawa ba ya sa ubangida dogon rubutu a banza. Na ji an ce Doyle ne abin ƙaunarka, har kana dafe kai kana mirgina ido a majalisa wai an nuno maka wani abu, alhali yunwa ce. To ka shirya hawaye, a kashi na tara yake mutuwa, ya bar wa Cordelia ciwon kan. Shi kuma gwaninka mai tunkuɗa attajirai ta taga, bayan ya shekara huɗu yana yaƙi da kamfanin lauyoyin nan, sai suka kira shi suka yi masa tayin shugabancin reshensu na Los Anjelis, da ofis a saman bene, da jerin motoci, da gilashin da rana ba ta ƙona mai shan jini ta cikinsa. Ya karɓa. Shekara ta biyar gaba ɗaya a kan kujerar manaja ya yi ta. In ka kai wurin ka kira ni, ina so in ji yadda za ka fassara wa yaran wannan.